Shanun da Ba Sa Jin Yaren Gwamnati

Edvino Lermen ya ɗaga sanda ya sake caka wa Bless a cinya. Ƙusar da ke bakin sandar ta shige, ta fito da jini. San ya yi huci, fatarsa ta karkaɗa, amma bai ɗaga ƙafa ba.

"Tafi!" Edvino ya daka masa tsawa da yaren Fotugis. "Tafi na ce, ɗan asara!"

Fuchs, jan san da ke karkiya ɗaya da Bless, ya juya kai wajen shinge. Can mahaifin Edvino, tsoho Wendelin, yake zaune a kan kututture, lofe a baki, bargo a kafaɗa duk da ranar da ake ƙwallawa.

"Ka gama?" in ji tsohon, da Jamusancin gida.

"Baba, rage murya."

"A gonata? Wa zai kai ƙara, masara?" Ya cire lofen ya tofar da yawu. "Kana yi musu ihu da yaren da ba su sani ba, sannan ka huda su don ba su gane ba. Haka aka koya maka a bariki?"

"Haka aka yi min. Ga shi na iya."

Tsohon ya kau da kai daga ɗansa. Ya dubi shanun, ya ja wata doguwar murya can ƙasa-ƙasa, ya ambaci sunayensu, ya bi da wata magana mai lanƙwasa kamar ana rarrashin jariri. Shanun suka sa wuya a karkiya suka tafi. Sai da Edvino ya yi gudu kafin ya kamo hannun garmar.

Haka ake aiki a gidan tun yana ƙarami. Uba ya kira, ɗa ya riƙe garma.

Tun da Brazil ta shiga yaƙi da Jamus aka hana yaren Jamusanci. A coci, a kanti, a hanya, har a bakin kabari. Mutanen Linha Funda, ƙauyen da ke wannan kwari, jikoki ne da tattaɓa-kunnen waɗanda suka ƙetaro daga Jamus. Babu wanda ya taɓa ganin ƙasar a cikinsu, amma tsofaffin ba su da wani yare sai shi. Duk wanda aka kama, Sufeto Tenório magani ɗaya yake da shi: man zurma a gauraye da baƙin man mota, a ɗura da mazurari. An taɓa ɗura wa Wendelin a ƙofar kanti don ya tambayi gishiri da Jamusanci. Tun daga ranar cikinsa bai koma daidai ba. Yana fitar da jini. Wandonsa sai an ɗaure da igiya. Tsohuwar da ke haɗa wa ƙauyen magani ta ja Edvino gefe ta ce, in aka ƙara masa, ku nemi katakon akwatin gawa kawai.

Shi ya sa Edvino yake huda shanu. In suka koyi Fotugis, yaren gwamnati, tsoho ba shi da dalilin buɗe baki a waje.

Da rana Inna Romalda ta kawo baƙin wake da rogo da ɗan soyayyen naman alade. Tsoho kuma kunun masara, shi kaɗai ke zama masa. Edvino ya ce a miƙo masa wuƙa.

"A miƙo maka wa?" in ji tsohon.

"Wuƙa, Baba."

"Yadda ka faɗa, namiji ka mai da ita. A yarenmu cokali ne namiji. Mai yatsu mace ce. Wuƙa tana tsakani, ba ta nan ba ta can. Kai ka tattara su gaba ɗaya ka mai da su maza, sai ka ce bariki."

"An dai gane."

"Kare ma in ya yi haushi ana ganewa." Ya tura wuƙar da bayan cokali. "Duk ka yanke wa maganarka wutsiya. Kakanka in ya fara zance, abin da aka yi sai can ƙarshe zai faɗa maka, dole ka zauna ka ji shi har ya dire. Kai tun a bakin ƙofa kake zubar da kayan."

"Wendelin, bar yaro ya ci abinci," in ji Romalda. "Kai ɗin fa? Faston da ya zo daga Jamus ba cewa ya yi naka yaren a jirgin ruwa ya ruɓe ba?"

"Faston da bai san masara ba."

"Sunan da kake kiran masarar ma na Fotugis ne, Baba. A bariki na ji shi."

"Ƙarya kake! Haka ubana ke kiranta."

"To aro ya yi."

Tsoho ya bugi tebur. Dariya ta zo masa, ta tsaya rabi, ya dafe ciki ya sunkuya. Suka jira har murɗar ta sake shi.

Edvino ya san akwai gaskiya a abin da tsohon ke faɗa. Tun da ya dawo daga aikin soja bakinsa ya zama hanya biyu. Kalmomin na gida ne, amma jerinsu na bariki ne. Wani lokaci sai ya gama magana zai ga Inna tana kallonsa kamar baƙo ya shigo da takalmi cikin ɗaki. 'Ya'yan yayarsa da ke gari ma sun wuce nan, suna ji amma ba sa mayarwa. Bai ɗauki wannan asara ba. Yare da ake ɗura wa mutum mai saboda shi, in ya lalace a bakinsa, ya lalace.

Kare ya yi haushi. Alcido Kunzler ne, maƙwabcinsu na gangare, wanda ke yi wa Sufeto tafinta, kuma kowa ya san ba tafinta kaɗai yake yi ba. Ya yi gaisuwa da ƙarfi da yaren gwamnati don hanya ta ji, ya shigo ya rufe ƙofa, sannan ya koma na gida.

"Ga kunnen gwamnati," in ji tsoho. "Romalda, ɓoye tsiran aladen nan, shi ma Jamusanci yake ji."

"Kawu Wendelin, wannan bakin naka shi zai kashe ka."

"Naka fa ya ciyar da kai. Dubi tumbi."

Alcido ya yi dariyar yaƙe, ya zauna ba a ce ya zauna ba. Ya ce ruwan da aka yi ya zubo da duwatsu a hanyar gangare. Jibi aikin hanya ne, kowane gida da shanunsa. Sufeto da kansa zai zo.

"Ni zan je," in ji Edvino.

"Mai gida da kansa aka ce. Fuska za a duba."

"Kana ganinsa ai. Ina ƙarfin?"

"Ya zauna a inuwa mana. Amma ya zo. In bai zo ba su za su zo nan, kuma Inna ko ina kwana ba ta iya ba da yarensu." Ya ɗauki yankan rogo daga kwanon Edvino. "Ni dai na faɗa. Kada a ce Alcido bai faɗa ba."

Edvino ya ƙara kwana biyu yana huda shanun. Sun fara tafiya in ya ce tafi. Bai sani ba ko kalmar suka koya ko ƙusar.

Ranar aikin, Romalda ta cika lofe da taba ba ta kunna ba, ta tura wa mijinta a baki da hannunta. Haka tsofaffin kwarin suke fita yanzu, kowa da lofe a haƙori, gaisuwa da taɓa hula.

"Ka cije shi," ta ce. "Ko sama za ta faɗo, kada ka saki."

Tsoho ya ɗaga mata gira, ya taɓa hula kamar ga baƙuwa.

Hanyar ta bi jikin tudu ne, dutse a hagu, rami a dama. Mutanen kwarin duk sun hallara da fartanya da gatari. Edvino bai taɓa ganin aikin hanya irin wannan ba. A da, tun daga nesa ake jin kiran shanu da zagi da waƙa. Yau sai fito da ƙarar bulala. Shanu suna juyi, suna hawa kan juna, masu su suna dukansu baki a rufe. Wani dattijo ya gaji ya riƙe ƙahon sansa yana ja kamar akuya.

Sufeto Tenório yana zaune a kan alfadari a sama, siriri, gashin baki a gyare. 'Yan sanda biyu na tsaye kusa da shi. A jikin sirdin an rataye galan da mazurari, a fili, don kowa ya gani.

Edvino ya zaunar da mahaifinsa a gindin wata bishiya, nesa da kowa. Ya koma aka ɗora masa wani ƙaton dutse a kan katakon ja, wanda shanu ke ja a ƙasa, aka ɗaure da sarƙa. Aikinsa ya sauke shi gangare zuwa inda ruwa ya cinye hanya. A can ƙasa mutane suna cikin ramin suna jera duwatsu, Alcido na tsaye a tsakiyarsu yana nuna musu da yatsa.

Da farko lafiya. Ya ce tafi, suka tafi. Ƙasar jiƙaƙƙiya ce, jar laka mai santsi. Da suka kai inda gangaren ya yi tsanani, katakon ya fara gudu da kansa. Ya zo ya bugi Fuchs a agara. Fuchs ya zabura.

"Tsaya!" Edvino ya yi ihu da yaren gwamnati. "Tsaya! Tsaya!"

Ya sha gabansu ya caka wa Bless a hanci. Abin da ya koya musu ke nan, ƙusa tana nufin tafi. Suka tafi. Kafaɗar Bless ta watsar da shi gefe, ya faɗi a laka, sarƙa ta wuce ta gefen kunnensa. Shanu biyu da dutse suka nufi ramin a guje. Mutanen ciki suka ɗaga kai. Wasu suka fara hawa, suna zamewa. Alcido ya tsaya baki buɗe.

Sai muryar ta sauko daga saman tudu, doguwa, mai kauri, ta cika kwarin. Jamusanci tsantsa.

Shanun suka karkata hagu kamar an ja su da igiya, suka kafe ƙafafu. Katakon ya juya gefe, ya daki jikin tudu, ya nutse a laka. Dutsen ya girgiza, ya zauna. Laka ta fantsama har fuskar Alcido.

Sai numfashin shanu.

Edvino ya tashi ya duba sama. Tsoho yana zaune inda ya bar shi, lofe a baki, hannu a gwiwa. Sufeto yana can yana waiwaye. Lokacin da abin ya faru yana shan ruwa ne, ya juya baya. Ya ji, bai gani ba.

Ya sauko da alfadarin a hankali har tsakiyar mutane.

"Na ji waƙa," ya ce. "Mai daɗi kuwa. Wa ya rera?"

Babu wanda ya ɗaga kai.

"Alcido. Kunnena. Wane ne?"

Alcido ya fito daga ramin, gaban wandonsa a jiƙe. "Yallaɓai, ban gani ba. Dutse nake kallo."

"Da ido ake ji?"

"Ni ne," in ji Edvino.

Sufeto ya juyo. Ya dube shi daga kai har ƙafa. "Kai ba ka yi soja ba?"

"Na yi, Yallaɓai."

"Ƙasa ta ciyar da kai, ta koya maka magana irin ta mutane, ka dawo kana haushi."

"Tsoro ne ya kama ni. Ya kuɓuce min."

Sufeto ya sunkuyo daga kan sirdi ya zabga masa bulala a fuska. Fata ta tsage daga kunne zuwa haɓa. Edvino bai taɓa wurin ba. Zai iya shan man. Ya lissafa tun yana kwance a laka. Mako guda a bayan gida, shi ke nan. Cikinsa sabo ne.

"Muryar da na ji ta tsufa," in ji Sufeto. Idonsa ya zagaya kan tsofaffin da ke tsaye da lofe a baki, ya tsaya a gindin bishiyar. "Wancan ba mutumin gishiri ba ne? Ku sauko min da shi, ya zo ya ga ɗansa."

'Yan sandan suka kawo Wendelin suna riƙe da hammatarsa. Suka tsayar da shi kusa da katakon.

"To, soja. Ni mai adalci ne. Yau na ba ka izini. Yi wa shanun nan magana da yaren naku, su fitar min da dutsen nan su mai da shi kan hanya. In sun bi ka, kai ne. Ka sha rabonka, ka tafi gida da tsohonka." Ya juya ga jama'a. "Ko ba adalci ba ne?"

Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya yi dariya.

Edvino ya je gaban shanun. Jini na ɗiga daga hancin Bless. Da suka gan shi suka ja da baya, kunnuwa a kwance, ido ya fito fari. Ya jefar da sandar nesa. Ya buɗe hannuwa ya nuna musu babu komai.

Kiran yana kansa. Tun yana goye yake jinsa. Amma bai taɓa faɗarsa da bakinsa ba, ba a taɓa buƙata ba. Ya buɗe baki. Abin da ya fito gajere ne, a daddatse, kamar umarnin fareti.

Shanun ba su motsa ba.

"Ƙila kurame ne," in ji ɗan sandan. "Ƙara murya, Bajamushe."

Ya sake. Wannan karon ya yi ƙoƙarin jan muryar, amma tsakiyar maganar ta ɓace masa, ya cike gurbin da abin da ya zo bakinsa. Shi kansa ya ji ba ita ba ce. Fuchs ya kaɗa jela ya kori ƙuda. Gumi da jini suna gangarowa cikin wuyan rigarsa. Ya matsa kusa, ya dafa goshin Bless, ya ce masa don Allah, ƙasa-ƙasa, ya rasa ma da wane yare ya faɗa. San ya fizge kai.

Ya sake, karo na uku. Muryarsa ta fashe a tsakiya.

Lofe ya faɗi a laka.

"Ba haka ba, jaki," in ji tsoho Wendelin. "Bless tukuna, shi ne babba. Kuma ja ta ake yi, ba a sara ta. Ji nan."

Ya faɗa. Ba da ƙarfi ba, yadda yake yi a gona. Shanun suka sa wuya a karkiya, sarƙa ta miƙe, katakon ya fito daga laka da wani irin sauti, ya hau hanya.

Sai da ya gama faɗa ya ji abin da ya faɗa. Edvino ya ga a fuskarsa lokacin da ya gane. Tsohon ya dubi lofen a ƙasa, ya dubi ɗansa. Ya ɗan buɗe hannu, kamar mai cewa to, ya za a yi.

"Madalla," in ji Sufeto. "Shanu ba sa ƙarya. Kwanto galan."

"Yallaɓai!" Edvino ya tari gaban alfadarin ya kama linzami. "Ba ni. Ba ni duka, nawa da nasa. An taɓa ba shi, cikinsa ya lalace. Zai mutu."

"Da ya tuna da cikinsa kafin ya buɗe baki."

"Mutane ya ceta! Tafintanka ya ceta!"

"Ai ban hana shi ceto ba. Da yaren ƙasa ma ana ceto."

An riga an kayar da tsohon. Ɗan sanda ɗaya ya danne masa ƙirji da gwiwa, ɗayan yana buɗe galan. Edvino bai san lokacin da ya ɗauko sandar ba. Ya zo da gudu ya caka wa mai dannewar a kafaɗa da duk ƙarfinsa. Ƙusar ta shige har katako. Mutumin ya yi ƙara ya mirgina. Edvino ya fizge sandar ya ɗaga zai ƙara.

Gindin bindiga ya same shi a baki. Ya ji haƙoransa sun karye kafin ya ji zafin. Ya faɗi a kan gwiwa, aka ƙara masa a ƙeya. Wanda ya huda ya taso yana zagi, ya ja hannun Edvino na dama ya ɗora a gefen katakon ja, ya hau da takalmi. Ƙashin ya yi ƙara kamar busasshen rake. Edvino ya yi amai.

"Kada ya suma," in ji Sufeto. "Ɗaga masa kai."

Aka kama gashinsa aka ɗaga.

Tsoho ya cije haƙora. Suka toshe masa hanci, bai buɗe ba. Suka sa bakin wuƙar bindiga a gefe suka ɓanɓare, leɓen ya tsage. Mazurari ya shiga. Man baƙi ne, mai kauri, yana sauka a hankali. Maƙogwaron tsohon yana hawa yana sauka. Ƙafafunsa suna shure laka. Ya ƙware, man ya fito ta hanci, suka dakata ya yi tari, suka ci gaba.

Mazajen kwarin suna tsaye kewaye, kowa da gatari ko fartanya a hannu. Sun fi 'yan sandan yawa nesa ba kusa ba. Edvino ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya da idon da bai kumbura ba. Kowa ƙasa yake kallo.

Da Sufeto ya ga ya isa, ya ɗaga hannu. Aka zare mazurarin aka goge a rigar tsohon.

"Kai kuma, soja, ka huda ma'aikacin gwamnati. Ka san inda ofishina yake. Kai ubanka gida, ka kawo kanka. Kada ka bari in aiko." Ya juya alfadari. "Saura ku koma aiki. Hanya ba ta gyara kanta."

Mutum biyu suka yi ƙarfin hali suka sare sanduna, suka shimfiɗa bargon tsohon a kai, suka ɗauke shi. Edvino ya bi su a baya yana riƙe da hannunsa a ƙirji. Kowane taku sai ya ji ƙasusuwan suna gogar juna. Tun kafin su kai rafi cikin tsohon ya sake. Abin da ke ɗiga ta ƙasan bargon baƙi ne da farko, daga baya ya koma ja. Masu ɗaukar suka ƙara sauri.

Romalda tana bakin shinge. Ta dubi bargon, ta dubi fuskar ɗanta. Ba ta yi kuka ba.

"Ku shigar da shi," ta ce. "Edvino, zauna kafin ka faɗi."

Ta dafa ruwa, ta wanke mijinta, ta sake wanke shi. Aka kira tsohuwa mai magani. Ta duba tsohon, ta girgiza kai, ta juya ta ɗaure wa Edvino hannu da tsagin gora. Wendelin bai ƙara magana mai ma'ana ba. Yana ta neman ruwa, in an ba shi ya dawo da shi. Washegari kafin rana ta take, ya cika.

Edvino yana zaune a dakalin ƙofa lokacin da Alcido ya shigo da katakan akwatin gawa a kafaɗa. Sababbi ne, na itacen da ya ajiye don ƙofar ɗakinsa. Ya sauke su a tsakar gida, ya cire hula ya riƙe a ciki.

"Na kawo shanun," ya ce. "Suna garke, na ba su ruwa." Ya murza hular. "Ban faɗi sunansa ba, Edvino. Kai ma ka ji. Ban faɗa ba."

Edvino ya tashi a hankali. Ya tako har gabansa. Ya dunƙule hannun hagu ya kai masa a hanci. Alcido ya zauna a ƙasa, jini na bin yatsunsa. Bai rama ba, bai tashi ba. Edvino ya shure shi a haƙarƙari, ya ƙara, har zafin hannunsa ya sa ganinsa ya yi duhu, ya dafa bango.

Romalda ta leƙo daga ɗaki.

"In kun gama," ta ce, "rana tana yi, kuma ba zai jira ba."

Alcido ya share hanci da hula, ya miƙe yana dafe da gefe. Ya ciro igiyar awo daga aljihu. Da hannu ɗaya Edvino ba zai iya riƙe zarto ba, su biyun sun sani. Suka shiga ɗaki. Edvino ya riƙe bakin igiyar a saman kan tsoho, Alcido ya ja ta zuwa ƙafa.